Akori-kurar Marigayi Habu a Tsakanin Alƙalai

Tun da na dawo daga Katsina 'yan majalisarmu ta bakin kasuwa suka hana ni shan iska. Wannan ya ce, "Lawandi, wai da gaske alƙalin tarayya ya miƙe tsaye saboda kai?" Wancan ya ce, "A'a, mu ji muka yi ɗauko ka aka yi caɗak aka fito da kai." Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk wanda ya karɓi labarin sai ya rage mini wani abu a ciki. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi yadda ya faru, kowa ya huta.

Wanda bai san ni ba ya kamata ya fara sanin ko ni wane ne. Ni dillalin dabbobi ne tsakanin Daura da Mai'aduwa, dillali kuwa shi ne shaidar ciniki. Saboda haka babu alƙalin da aka taɓa kawowa Daura wanda ban tsuguna a gabansa ba. Rigimar rago, rigimar sa, raƙumin da aka sayar lafiya lau ya kwana da tari, duk ni ake kira. Akwai wata tabarma a kotun da ta riga ta ɗauki siffar zamana. Na san shari'a kamar yunwar cikina, kuma da an yi mini boko da yanzu ni ake tashi wa a Abuja.

Ƙanena Habu, Allah ya jiƙansa, ya rasu ya bar mace ɗaya, Hajara, da yara, da gida, da 'yan tumaki, da wata farar akori-kura. Gidan ba ya kawo komai sai yoyo. Motar ita ce abincinsu: ranar kasuwa ta ɗauki raguna, sauran ranaku ta ɗauki hatsi. To daga Nijar Habu ya sayo ta, bai kai ga biyan kuɗin fito ba, kullum yana cewa sai bayan sallah. 'Yan kwastan suka riƙe ta a Kongolam, bakin iyaka, shi kuma ciwo ya riƙe shi a gida, bai tashi ba. Ba a daɗe da share makoki ba labari ya iso cewa an kai maganar motocin da aka kama kotu a Katsina, har an sa rana. In babu wanda ya fito ya tsaya wa tamu, za a ba da izini a yi gwanjonta.

Hajara tana takaba, ba fita. Ta bayan labule ta ce mini, "Yaya, in motar nan ta tafi, ban san abin da zan ɗora a murhu ba."

Na ce, "Share hawayenki. Ki ce wa yara su share ƙofar gida, wurin ajiye mota."

Lokacin shekarun dawo da shari'a ne a jiharmu, kuma a tunanin irinmu yanzu alƙali in ya ga dama sai ya aika wa jirgin sama sammaci ya sauko. Don haka gabansa na fara zuwa. Alƙalinmu mutumin kirki ne, amma yana da jan magana. Tsakanin kalma da kalma sai ka dama fura ka sha ka wanke ludayi. Ya saurare ni, sannan ya ce, "Malam Lawandi, gida da tumaki da kayan ɗaki nawa ne, zan raba su. Amma motar da ke hannun kwastan, hannuna bai kai can ba. Kwastan na gwamnatin tarayya ne, ni kuwa alƙalin jiha ne. Maganarsu sai kotun tarayya. Sai dai kuma..."

Ya cire tabarau yana gogewa da bakin rawani. Ni kuwa na riga na gane karatun. Na ce, "Allah gafarta Malam, an gama. Gobe war haka ina gaban na tarayyar." Na miƙe na zura takalma. Na ji muhuti, mataimakin alƙali, yana ƙwala mini kira, na ɗaga masa hannu daga bakin ƙofa, don a zatona addu'ar hanya yake yi mini.

Shari'a dai ko a ina take, a sanina, shaidu biyu ce da rantsuwa. Shaidana na farko Malam Isiyaku ne, na'ibin masallacin unguwarmu, wanda ya tofa wa motar addu'a ranar da aka kawo ta. Na biyu Idi ne, direban Habu, mutumin Maimujiya, can tsallaken iyaka. Tun da aka kama motar ya koma gida. Sai na hau acaba na nufi Kongolam.

Na fara biyawa na gaida motar. Tana can a harabar kwastan cikin 'yan uwanta, taya ɗaya ta sace, wata kaza ta mai da mazaunin direba ɗakin haihuwa. Na ɗora hannu a kanta na ji kamar kafaɗar Habu na dafa. Wani jami'i ya zo muka gaisa da mutunci. Na gwada shi irin gwajin kasuwa, na ce ko akwai yadda za a yi a gama magana a nan, tunda duk 'yan uwa ne.

Ya ce, "Baba, ko ni da na kama ta yanzu ba ni da ikon sakinta. Tana hannun kotu."

Na ce a raina, wannan wace irin ƙasa ce, kowa da kaki ko rawani, amma kowa cewa yake ba shi da iko.

Tsallaka iyaka a wurina ba komai ba ne. Raƙuman da ke bin hanyar nan sun san muryata. Amma ranar na tarar da sabon jandarma a ɓangaren Nijar, dogo, siriri, kamar an zana shi da alli. Ya miƙo hannu, na ba shi nawa muka gaisa. Ya sake miƙowa, ya ce kati. Na ce masa ni katina fuskata, ya tambayi kowa. Ya dubi fuskar da kyau, da alama bai ga hatimi a jikinta ba, ya nuna mini benci. Na zauna tsakanin wata tsohuwa mai tallan cuku da wani Buzu da ke dafa shayi. Buzun ya ba ni na farko mai ɗaci, ya ba ni na biyu, ya ba ni na uku mai zaƙi, har na fara tunanin ko in nemi aure a garin. Tsohuwar ce ta tausaya mini ta aika aka kira Idi, ya zo ya ce ya san ni, aka sallame ni.

A gidan Idi na kwana. Suka kawo mini burodinsu, dogo kamar sandar makiyayi, tauri kuma kusan ɗaya, da miyar nama mai yawan albasa. Mu a gida burodi laushi ake nema a jikinsa, su kuwa sai ya yi ƙara a baki suke yarda burodi ne. Na ba Idi labarin alƙalin jiha da na tarayya, ya ajiye cokali.

Ya ce, "Alhaji, ku gwamnati nawa gare ku ne wai? Mu nan ɗaya ce, kuma ta ishe mu wahala."

Na ce masa abin na manyan ƙasashe ne, ba zai gane ba.

Washegari muka biyo ta Daura muka ɗauki Malam Isiyaku. Dattijon nan bai taɓa rantsuwa da Alƙur'ani a gaban alƙali ba tun da aka haife shi, kuma abin ya tsaya masa a rai. Ya yi alwala tun asuba, ya ɗaura niyyar da ita zai dafa Littafi. Buta a hannun dama, carbi a hagu. Muka shiga bas ta Katsina, aka cusa mu baya, aka cusa wata akuya ƙarƙashin kujerata.

Mota ta fara gudu, iska ta fara kaɗawa, Malam ya ji gyangyaɗi na neman sa. Barci kuwa yana karya alwala. Ya juya ya ce, "Idi, ɗana, in ka ga kaina ya sunkuya ka mintsine ni." Idi yaro ne mai biyayya. Kafin mu kai Shargalle cinyar Malam ta san an yi tafiya.

A Mashi taya ta fashe, aka sauke mu. Masu ƙosai da ɗanwake suka yanyame mu. Ni da Idi muka zauna muka yi abin da ya kamata. Malam ya kau da kai, ya ce wake da alwala ba sa zama mota ɗaya. Na ce ko fura ya sha, ya ce fura tana kawo barci. Haka ya zauna a gindin bishiya yana haɗiyar yawu, yana kallonmu kamar mu muka kama motar. Da muka koma ciki na tarar akuyar nan ta cinye gefen babbar rigata, wadda na ajiye musamman don alƙalin tarayya. Na nemi mai akuyar. Muna cikin rigima na duba haƙoranta, na taɓa ƙugunta, na ga dabba ce mai kyau. Kafin mu shiga Katsina na samo masa mai saye a cikin motar. Sana'a ba ta san fushi ba.

A tasha na kira 'yan acaba na ce su kai mu kotun da ta fi kowace girma a garin. Suka yi 'yar muhawara a tsakaninsu, suka dubi rawanin Malam da butarsa, suka kai mu kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a, inda Alƙalin Alƙalai yake zama. Na ji daɗi, na ce ga wanda zai ba alƙalinmu umarni. Magatakarda ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Alhaji, mu aure ne namu, da saki, da gado, da wasiyya, da riƙon marayu, in an yi hukunci a ƙasa wani bai gamsu ba. An yi muku hukunci?"

Na ce ba a yi ba.

"To me za ka ɗaukaka? Kuma ko an yi, mu ma na jiha ne. Kwastan ba namu ba ne. Ku nemi babbar kotu ta tarayya."

Muka sake hawa acaba. Ni babbar kotu kawai na riƙe, sauran ya zube a hanya. Aka sauke mu a wani makeken gini, muka yi ta hawa bene muna sauka. Can wani masinja ya ce mana nan babbar kotun jiha ce: rigimar fili, kwangila, fashi, kisan kai, duk a kawo. Na ce to ai wanda ya isa ya yanke wa mutum hukuncin kisa ya isa ya saki akori-kura. Ya ce bai isa ba. Kafin mu gano ta tarayyar an tashi daga aiki. Mai gadi ya ce gobe da safe ne zaman motocin kwastan. Malam Isiyaku ya dubi butarsa, ya dube ni. Na fi son ya zage ni.

Muka sauka a gidan Alhaji Mudi, mutumin Daura da ke sayar da buhuna a Katsina, abokina tun muna satar mangwaro. Ya ba mu ɗakin zaure, aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe. Tuwon Katsina ba laifi, sai dai suna yanka malmala ƙanana kamar za a ba mara lafiya. Sauronsu kuwa manya ne, da a kasuwa ne da na yi musu kuɗi.

Bayan magariba 'yarsa Binta ta zo gaishe mu. Yarinyar da na sani da majina a hanci, wai yanzu lauya ce. Ta durƙusa ta gaida mu yadda ya kamata, ubanta ya ba ta labarin abin da ya kawo mu.

Ta ce, "Kawu, a Mai'aduwa in ciniki ya rikice wa ake kai wa?"

Na ce, "Sarkin dillalai."

"In malamin dabbobi ya ce saniya ba ta da lafiya, kada a yanka, sarkin dillalai zai iya cewa a yanka?"

"Ina! Ba huruminsa ba ne."

"Shi kuma malamin dabbobin zai iya raba muku la'ada?"

Na ce in ya gwada sai mun kore shi daga kasuwar.

Ta ce, "To haka kotunan nan suke. Tsarin mulki ya ware wa na tarayya nasa: kwastan, harajin tarayya, takardun shiga ƙasa, jabun kuɗi, da irinsu. Abin da ya shafi gado da iyali na jiha ne. Ba wai wannan ya fi wancan ba ne, kowa da rumfarsa. Sai can sama suke haɗuwa, in an ɗaukaka ƙara. Yanzu Kawu, wa ya naɗa ka wakilin magadan Baba Habu?"

Na ce, "Naɗi? Nono ɗaya muka sha da shi. Wane naɗi ya wuce wannan?"

"Alƙalin Daura bai ba ka komai ka taho da shi ba?"

Na ce, "Binta, ina shari'a tun ba a yanke miki cibiya ba. Ga shaidu biyu adalai, ɗaya ma da alwalarsa. Je ki huta."

Ta dubi ubanta, ubanta ya dubi rufin ɗaki. Ta ce ita ma tana da wata shari'a a can gobe, Allah ya kai mu.

Da safe Malam ya sabunta alwala, ya ƙi karin kumallo, muka tafi. Na sa rigata na juya wajen da akuya ta ci zuwa baya. A bakin ƙofar kotu na cire takalma na jera su, yadda duk mai tarbiyya yake yi. Da na shiga na ga kowa da nasa a ƙafa, har da masu ƙwas-ƙwas. Na ce su suka sani. Ban san ƙasan ɗakin dutse ne mai santsi ba, ga na'urar sanyi tana busowa kamar an buɗe ƙofar firji. Kafin a jima ƙafafuna suka daina amsa sallama.

A wurinmu alƙali yana zaune kake shigowa, ka tsuguna, ka yi gaisuwa, ka faɗi damuwarka da bakinka. A nan alƙali ne yake zuwa daga baya. Sai da aka buga ƙofa da ƙarfi, wani ya kurma ihu, kowa ya zabura ya miƙe. Malam ya ɗauka gobara ce, ya rarumi buta. Lauyoyi sun cika gaba cikin baƙaƙen riguna, kowa da wata hular gashi fara a kansa. Na ƙare musu kallo da idon sana'a, na ga gashin ba na tunkiyar ƙasar nan ba ne. Kuma babu mai ƙara ko ɗaya da ya buɗe baki. Masu shari'ar suna zaune a baya kamar 'yan rakiya, lauyoyi suna ta yi da Turanci, suna rusunawa, suna miƙa takardu. Ban ga Alƙur'ani ya fito ba, ban ga an kira shaida ba.

Can wani lauya mai ƙiba ya miƙe, ashe shi ne na kwastan, ya fara karanto wani abu mai tsawo. Ban ji komai ba sai da kalma ɗaya ta faɗo cikin Turancin kamar ɗan gari a cikin baƙi: Kongolam. Na ga alƙali ya jawo alƙalami. Na tuna murhun Hajara. Ban san lokacin da na ratsa tsakanin lauyoyi na isa gaba na tsuguna ba.

Na ce, "Allah ya ba ka nasara! Farar akori-kurar nan tana da masu ita!"

Ɗan sanda ya taso, alƙali ya ɗaga masa hannu. Dattijo ne, ba Bahaushe ba, mai furfura a gira. Ya sa aka kira tafinta. Na zayyana komai tun daga ranar da Habu ya sayo motar har kazar da ke kwanci a cikinta. Na ce ga Malam Isiyaku, ga Idi, a kawo Littafi su dafa cewa motar Habu ce.

Tafinta ya ce, "Mai shari'a ya ce babu wanda ya musa cewa ta Habu ce. Tambayarsa, kai mene ne naka a cikinta?"

Na ce, "Wansa nake, uwa ɗaya uba ɗaya."

"Kana cikin magada?"

Nan fa aka zo fagena. Na ce, "A'a, ya bar 'ya'ya maza, sun tare ni. Ko allura ba ni da ita a ciki."

"To wa ya aiko ka ka tsaya musu?"

Na ce matarsa ce, ta bayan labule. Wasu lauyoyi suka sunkuyar da kai suna gyaran hula. Na ga abin yana neman kuɓucewa, sai na kawo shawarar da na tabbata za ta gama komai. Na ce, "Ranka ya daɗe, kai ne babba, kai ne na tarayya. Ka raba gadon nan yanzu, ni zan faɗa maka rabon kowa, ka ba marayu motarsu mu kama hanya."

Da tafinta ya juya masa, alƙalin ya yi murmushi, ya yi magana a hankali. Tafinta ya ce, "Ya ce ba shi da wannan ikon. Faɗin wane ne magaji da wanda zai tsaya wa marayu aikin kotun jiharku ne, alƙalinku na Daura. Shi alƙalinku ba ya taɓa kwastan, shi kuma ba ya taɓa gado. In ya taɓa, na sama da shi za su rushe."

Wallahi sai na ji tausayinsa. Ga ɗaki, ga sanyi, ga ɗan sanda, amma rabon tumaki ya fi ƙarfinsa.

Lauyan kwastan ya sake miƙewa. Ko ba tafinta na gane cewa yake tunda babu wanda doka ta sani a gaban kotu, a ci gaba. Kuma ba ƙarya ya yi ba. Alƙalami ya koma kan takarda.

Sai na ji murya daga layin lauyoyi. Binta ce, da tata hular gashin a kan ɗankwali. Ta rusuna, ta yi magana ba doguwa ba. Daga baya ta gaya mini abin da ta roƙa: akwai marayu, uwarsu tana takaba, a cire motar nan ɗaya daga cikin na yau, a ba su lokaci su kawo wakilin da kotun Daura ta naɗa. Alƙali ya dubi lauyan kwastan, shi kuma ya dube ni, ya dubi ƙafafuna, ya ce ba ya ja. Aka ɗaga maganar motarmu, sauran aka ba da izinin gwanjonsu a zaman nan.

Daga nan alƙali ya miƙe zai shiga ciki, kowa ya miƙe. To masu cewa ya tashi tsaye ina gabansa ba su yi ƙarya ba. Ni ne dai na kasa tashi, don ƙafafun sun riga sun zama na wani. Idi da ɗan sandan suka kama ni ta hammata suka kai ni waje wurin rana. Masu cewa an ɗauko ni caɗak, su ma ga inda suka samo tasu.

A waje Malam Isiyaku ya matso ya ce, "Lawandi, rantsuwar fa?"

Na ce an yafe masa.

Ya tsallaka titi wurin wata mai ƙosai, ya zauna, ya ajiye buta. Abin da ya yi wa ƙosan nan ba zan rubuta ba, saboda yana ja mana salla in liman ba ya nan. A mota kuwa tun kafin mu fita gari ya yi barci, Idi ya kai hannu don sabo, Malam ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Taɓa ni ka gani."

Da na koma gaban alƙalinmu na tsuguna a tabarmata, ya dube ni ta saman tabarau kamar ɗazu na fita. Bai tambaye ni hanya ba. Ya ce, "...sai dai kuma, kafin ka tafi, sai na naɗa wanda zai tsaya wa magada, in ba shi shaida a rubuce. In ba haka ba can ba za su saurare shi ba."

Ya aiki muhuti gidan Habu ya ji ta bakin Hajara, wa take so ya tsaya wa 'ya'yanta. Ta ce Yaya Lawandi, tunda ya riga ya san hanya, amma da sharaɗin Binta ce za ta yi magana. Aka rubuta har da sharaɗin.

Tafiya ta biyu ba ta da labari. Na je ni kaɗai, da takalmana a ƙafa, na zauna a baya na kama bakina da hannu biyu. Binta da lauyan kwastan suka yi 'yan rusune-rusunensu, aka daidaita cewa a biya kuɗin fito da tara a saki mota, alƙali ya sa hannu. Dangi suka haɗa abin da ya sawwaƙa, aka sayar da tumaki biyu da izinin alƙalinmu, ni na yi dillancin ban karɓi la'ada ba, a rubuta wannan. Muka je Kongolam da Idi, aka sallami kaza da 'ya'yanta, aka tura mota ta tashi.

Na shigo Daura a tsaye a bayan akori-kura, ina ɗaga wa mutane hannu. Yaran Habu suka fito da gudu suka haye ta, ƙaramin yana ta danna ham. Lokacin Hajara ta fita takaba, ta fito ƙofar gida ta tsaya tana kallon motar. Sannan ta durƙusa ta yi mini godiya, ta yi wa Binta addu'a, ta yi wa Malam Isiyaku.

Na gyara riga na ce, "Ba komai, ai aikinmu ne. Kotu huɗu na shiga saboda motar nan. Yanzu a Katsina babu alƙalin da bai san Lawandi ba, na jiha da na tarayya."

Ta ce, "Haka muhuti ya gaya mini, Yaya. Ya ce da ka bari alƙali ya gama goge tabarau, da biyu daga cikinsu ba su san ka ba."